Jini a Ƙofar Dadda Hammu

Si Tuhami mai kantin magani ne a Kazablanka, kuma duk wanda ya zauna da shi ko na shan shayi ne sai ya ji labarin gidansa na Tindfal, can saman duwatsun Marrakesh. "Ƙauyenmu," haka yake cewa, baki har kunne. A Tindfal kuwa ba wanda ya san da wannan zumunci. Gidan dai yana nan, da jan rufi da manyan tagogin gilashi, yana kallon gangaren da 'yan birni ke wasan zamiya a kan katako idan ƙanƙara ta zubo. Mai gidan yakan zo da sanyi, shi kaɗai, don matarsa ta rantse ba ta ƙara kawo ƙasusuwanta wannan wuri. Yana gaishe da kowa, har wanda bai kalle shi ba. A amsa masa da ladabi, a ɗaga masa hannu, shi ke nan. Ba a taɓa ce masa zo ka zauna ba, kuma abin yana cin ransa ƙwarai.

Inda ya fi cin ransa shi ne zauren Dadda Hammu, dattijon da ya fi kowa shekaru a garin. Bayan la'asar maza kan taru a can, butar shayi a kan garwashi, ana ta shewa. Da Si Tuhami ya doso, sai dariyar ta lafa, a jira ya wuce. Ya sayi jallabiyar ulu irin tasu, ya koyi gaisuwa da yaren mutanen dutse har mata na rufe baki da mayafi idan ya furta ta. Duk a banza.

Gidaje biyu ne ke riƙe da gangaren. Kujerun lilon da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse sun fi daɗewa a tsaye da a tafe, don haka alfadarai ke haurawa da masu zamiya da katakonsu. Hanyar gabas ta gidan Dadda Hammu ce, ta yamma ta gidan Bassu. Iyayensu sun yi faɗa a kan wannan rabo har wani ya rasa ido, aka yi sulhu da ƙyar. Tun daga nan ana gaisawa a masallaci, ba a ci a kwano ɗaya.

Wata safiya hanya ta daskare, tana ƙyalli. Itto, dattijuwar da ke share masa gida, ta ga ya ɗauki makullin mota.

"Si Tuhami, ka ɗaura wa tayoyin nan sarƙa."

"Haba Lalla Itto, wannan motar don irin wannan hanya aka ƙera ta."

"To. Ita hanyar an gaya mata?"

Ya yi dariya ya fita. A kwanar masallaci ya taka birki, motar ta ƙi jin maganarsa. Ta tafi a karkace, a hankali, yana murza sitiyari yana salati, har ta haɗa alfadarar Bassu da bango. Ya ji ƙarar ƙashi ta cikin kujerarsa. Katakon zamiyar da ke bayanta ya watse a titi. Da ya ja baya, dabbar ta zube, ƙafafunta na gaba sun karye, ƙashi ya huda fata ya fito fari. Tana ƙoƙarin tashi tana faɗuwa, tana wani irin kuka da bai taɓa sanin dabba na yi ba.

Bassu ƙato ne, mai ƙarancin magana, kuma shi ya raini wannan alfadara tun tana ƙarama. Ya durƙusa ya ɗora kanta a cinyarsa, ya zaro wuƙa daga ɗamara. Sannan ya ɗago ya dubi motar. Jira yake mai laifi ya fito ya riƙe masa wuyan dabbar, ya tsaya a ga ƙarshenta tare, kamar yadda kowane namiji zai yi. Si Tuhami kuwa bai fito ba. Ya kawar da kai, ya juya motar, ya koma gida ya danna sakata. Bassu ya yanka ta shi kaɗai a gaban jama'a, jini ya narkar da ƙanƙara har ƙasa ta fito.

Kashe alfadarar kuskure ne, kowa ya sani. Gudun ne ba mai yafewa.

Ya wuni yana safa da marwa a ɗaki. Da Itto ta zo kawo masa burodi, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Lalla Itto, don Allah, yaya ake ba mutumin nan haƙuri?"

"A nan ba a ba da haƙurin irin wannan da baki. Rago za ka ja, ka yanka shi a bakin ƙofa, jini ya taɓa dokin ƙofar. Wanda aka yi wa haka ba shi da ikon cewa a'a, ko da ƙaninsa ka kashe."

Ba ta faɗi ƙofar wa ba. Me zai sa ta faɗa, abin da ko goyo ya sani.

Washegari ya sauka kasuwa ya sayo rago mai ƙaho, ya sa jallabiyarsa, ya nufi unguwar yamma yana jan igiya. Gaskiya da niyyar kirki ya fito. Amma da ya hango gidan Bassu, ya ga maza zaune a jikin bango ba mai magana, ya ga akumarin alfadarar a rataye da busasshen jini, sai ya ja ya tsaya. A nan wata dabara ta faɗo masa, irin wadda tsoro ke kawowa ta zo da kamannin hikima. Ai Dadda Hammu ne babban gari. Idan babba ya karɓa, gari ya karɓa. Kuma can ƙasan zuciyarsa, ai wannan ƙofar ce ya daɗe yana so ta buɗe masa. Ya juya da ragonsa ya yi gabas, mutanen Bassu na kallon ƙeyarsa.

Bai taɓa yanka ko kaza ba. A birni mahauci ake kira ran Sallah. Ya kayar da ragon da ƙyar a ƙofar zauren, ya danne da gwiwa, ya goga wuƙa. Yankan bai kai ba. Ragon ya fizge ya tashi da wuya a buɗe, yana fesa jini a bango, a ƙofa, a fuskar mai yankan. Ya sake kama shi ta ƙafa, ya yi ta gurzawa har dabbar ta daina shure-shure. Jini ya malale dokin ƙofa ya shiga cikin zaure.

Dadda Hammu ya fito da kofin shayi a hannu, babban ɗansa Assu a bayansa. Tsohon ya dubi ƙasa. Kofin ya suɓuce ya fashe.

"Wa ya aiko ka?"

"Dadda, na zo ne in ba da haƙuri."

"Alfadarata ka kashe?"

"A'a, amma ai kai ne babba, na ga idan..."

"Kai, ɗan birni, Allah ya isa tsakanina da kai! Jini a ƙofar wanda ka ɓata wa, haƙuri ne. Jini a ƙofar wani, neman mafaka ne. Ka shela wa gari cewa Bassu bai isa ka roƙe shi ba, ka zo ka ɗauki garkuwa. Ka san wace ce garkuwar? Ni ne, da 'ya'yana!"

Assu ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Baba, bari in kawo ruwan zafi a wanke. Ya kwashi mushensa ya kai inda ya dace."

Tsohon ya juya ya kwaɗa masa mari, namiji mai 'ya'ya uku, a gaban maƙwabta. "Ka wanke? So kake alhakin jinin ya faɗa kan 'ya'yanka? Duba can, wa ya rage bai gani ba?"

Da gaske ne, kan kowace katanga akwai kai. Dadda Hammu ya tsallake jinin, ya damƙi wuyan hannun Si Tuhami kamar zai karya shi, ya ɗaga murya yadda za a ji har yamma.

"Wannan mutum yana ƙarƙashina. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa."

Haka Si Tuhami ya shiga zauren da ya daɗe yana mafarki. Aka ba shi wuri kusa da garwashi, aka miƙo masa shayi. Ba wanda ya kalle shi. Duk da haka, Allah ya gafarta masa, sai da ya ji wani ɗan daɗi a ransa. A tunaninsa fushin tsohon na kwana ɗaya ne.

Ƙanƙara ta kwana tana zuba, ta toshe hanyar sauka. Gari ya waye ba ɗan birni ko ɗaya a gangaren, ba aikin yi, maza duk suna gida da hannuwa a sake. Dadda Hammu ya tura Assu da ƙaninsa su zauna a ƙofar gidan gilashi. Si Tuhami ya fito musu da gahawa, suka bar ta ta huce a kan dakali.

Da hantsi ya ji hayaniya. Kafin ya kai taga, gilashin falo ya tarwatse, akumarin alfadarar ya faɗo tsakiyar ɗaki.

"Fito, mai rago!" Muryar Addi ce, ƙanin Bassu, wanda aka sani da zafin kai. "Fito mu ga wanda ya fi ƙarfin gaishe mu!"

"Addi, ka ja baya," in ji Assu. "Ka san wa ya tsaya masa."

"Na sani mana. Tsohonku ya tsufa har ya fara kiwon 'yan birni. Nawa ne kan rago, a ba ku ku zama karnukan gadi?"

Nan take Assu ya kai masa naushi a baki. Mutanen yamma suka yo ca da shebur da sandunan zamiya masu tsinin ƙarfe. Ƙanin Assu ya sha tsini a cinya, ya zauna a ƙanƙara yana kallon jinin kamar ba nasa ba. Aka fasa sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka shigo ta falo, suka tarar da Si Tuhami a bayan kujera, suka jawo shi ta ƙafa a kan fasasshen gilashi, suka wurgo shi waje. Takalmi ya same shi a haƙarƙari, wani a baki. Ya ji haƙorinsa a kan harshe.

Kafin nan mutanen gabas sun iso a guje, faɗan ya zama na gari. Tsohuwar gaba ce ta tashi, alfadara da ɗan birni dalili ne kawai. Mata na kururuwa daga kan soraye. Wani ya faɗi, aka hau shi da duka da katakon zamiya har katakon ya tsage. Bassu na tsakiya, ba ya ihu, duk wanda ya kama sai ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Farin filin nan ya koma ja da baƙi.

Si Tuhami na rarrafe yana neman maɓuya sai ya ga ƙafafu a gabansa, cikin tsofaffin takalman roba. Dadda Hammu ne, da sandarsa, yana haki. Ya raba ƙafafu ya tsaya a kansa.

"Addi! Ni na yi maka huɗuba ran da aka haife ka. Ajiye shebur ɗin nan."

"Kauce, Dadda."

"Sai ka bi ta kaina."

Addi ya bi ta kansa. Ya maka masa bayan shebur a goshi, tsohon ya durƙushe, rawaninsa ya warware, jini ya rufe masa ido. Addi ya juya shebur ɗin ta kaifi ya sake ɗagawa. Ko tsohon yake nufi ko wanda ke ƙasansa, ba wanda zai iya rantsewa.

Hannun Si Tuhami ya faɗa kan katakon zamiya, irin mai gefen ƙarfe. Bai san sanda ya miƙe ba. Ya kama shi da hannu biyu, ya rufe ido, ya kai duka da duk tsoron da ke jikinsa. Gefen ƙarfen ya sami Addi a bayan kunne. Ƙarar ba ta da yawa. Addi ya saki shebur, ya yi taku ɗaya kamar ya tuna wani abu a gida, ya kife. Ƙafarsa ta yi ta karkarwa, sannan ta tsaya.

Faɗan ya mutu nan take. Bassu ya zo ya durƙusa, ya juya ƙaninsa, ya share masa ƙanƙarar da ke fuska, ya rufe masa ido. Ya saɓa shi a kafaɗa ya yi yamma, mutanensa na biye. Bai dubi kowa ba. Si Tuhami ya tsaya da katakon a hannu har sai da Assu ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sunkuya ya yi ta amai.

Washegari motar share ƙanƙara ta buɗe hanya, jandarmomi suka hauro a bayanta. Si Tuhami ya shirya. Ya yi wanka, ya sa kayan birni, ya tsaya cikin jama'a a ƙofar masallaci yana jiran a nuna shi da yatsa. Gaskiya ma so yake a nuna shi. Kurkuku a wannan safiya ya fi masa ko'ina kama da wurin hutawa.

Shugaban jandarmomin ya dubi fuskokin da suka kumbura. "Me ya faru a garin nan?"

"Santsi, ranka ya daɗe," in ji wani.

"Santsi ne ya fasa wa tsohon nan goshi?"

"Shekaru ne, ɗana," in ji Dadda Hammu. "Ƙafa ba ta riƙe ni."

"Tagogin wancan gidan fa?"

"Iska."

Jandarman ya yi tsaki ya juya ga Bassu. "Kai ne ɗan'uwan mamacin? Faɗa mini, kada ka ji tsoron kowa."

"Daga kan dutse ya faɗo," in ji Bassu. "Ya je duba hanya. A gabana aka yi."

Si Tuhami ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo masa. Ashe haka mutanen nan suke, ya ce a ransa, ashe akwai irin wannan yafiya a duniya. Bayan jandarmomi sun tafi, aka kai Addi makwancinsa, ya bi sahu daga baya. Da mutane suka fara watsewa, ya yi ƙarfin hali ya matsa wajen Bassu.

"Si Bassu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Wallahi ban yi niyya..."

Bassu ya dube shi tun daga takalmi har fuska, a natse.

"Gode mini? Baƙo muke miƙa wa hukuma. Da jiya da safe ne, da ni da kaina zan sa ka a motarsu. Yanzu ka zubar da jini a garin nan, a faɗan garin nan. Kai namu ne, Tuhami. Namu kuma ba ma ba wa kowa, mu muke gamawa da shi." Ya kaɗe ƙasar kabari daga hannunsa. "Ba yau ba. Ina cikin makoki."

Shi ne karo na farko da wani a Tindfal ya kira sunansa ba tare da Si ɗin girmamawa ba.

Bai san yadda ya kai gida ba. Ya tattara abin da hannunsa ya kai, ya cusa a jaka, ya jefa a mota. Hanya a buɗe take. Kafin rana ta faɗi zai wuce Marrakesh, ya kwana a ɗakinsa, ya ji muryar 'ya'yansa mata suna musu a kan talabijin. Ya tayar da motar, ya kawo bakin get.

Dadda Hammu na zaune a kan dutsen da ke gefen get ɗin, kai a naɗe da tsumma, ido ɗaya a rufe. Bai tare hanya ba. Si Tuhami ya sauke gilashi.

"Dadda, tafiya zan yi. Ba zan ƙara dawowa ba. In na tafi ai kowa ya huta."

"Allah ya kiyaye hanya. Ka sa sarƙa?"

"Na sa."

"Madalla, ka fara hankali." Tsohon ya tofar da yawu mai jini-jini. "Ba zan riƙe ka ba. Ni na ce kana ƙarƙashina, ban ce kana ɗaure ba. Abu ɗaya dai, don kada ka ce ba a gaya maka ba, tunda kai sai an gaya maka. Bassu zai gama makoki. Zai zo ƙofata ya tambayi mutumina. In kana nan, akwai magana. Dattawa za su shiga, liman zai shiga, a yi ta ja, wata da watanni, wataƙila shekaru. Wataƙila a kai ga sulhu, wataƙila Bassu ya riga dattawan isa gare ka. Ban yi maka alkawarin komai ba."

"In ba na nan fa?"

"In ba ka nan, ba zai bi ka Kazablanka ba, bai ma san hanya ba. Gidan da ya tsaya maka zai duba. Ni na tsufa, ba zan biya masa Addi ba. Ran Assu zai ɗauka."

Injin na ta kaɗawa. Can ƙasa hanyar ta miƙe baƙa tsakanin tudun ƙanƙara, ba kowa a kanta. Si Tuhami ya riƙe sitiyari yana kallon hanyar. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba, kuma yana son 'ya'yansa, kuma yana son ransa. Ya yi kuka sosai, da sauti, kamar ba babba ba. Tsohon bai lallashe shi ba, bai kuma kawar da kai ba.

Ya kashe motar.

Dadda Hammu ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Ɗauko jakar. Ba za ka kwana a wannan kangon ba, ko akuya ba za ta tsira a cikinsa ba. Akwai ɗaki a bayan nawa, ba shi da taga." Ya miƙo hannu. "Riƙe ni, jiri nake gani. Kuma ka bi ta jikin bango, kada ka bi tsakiyar hanya."